Yankan titi, yankan gada ko yankan bango: wanne ya dace da injin rotarin da ake hawa kullum?

Yawancin waɗanda suka kamu da son injin rotari, ta kunne ciwon ya shige su. Mutum na zaune sai ya ci karo da bidiyon wata tsohuwar Mazda RX-3 a tsaye tana "burab-burab-burab" kamar mai shessheƙa, jikinta na kaɗawa. Ana taka totur sai ta saki wata ƙara kamar an yage sabon ƙyalle. Daga ranar ya ƙudurta cewa tasa ma sai ta yi wannan kukan. Abin da bidiyon ba ya nunawa shi ne mai motar da sassafe, inji da sanyi, yana kokawa da kuloci a cikin cunkoso, ƙaurin ɗanyen fetur ya cika masa hanci.

Ra'ayina ba zan ɓoye shi ba tun daga nan. Motar da za a riƙa hawa a titi, yankan titi mai kyau, wato ɗan faɗaɗa kafofin da inji ke shaƙar iska ta cikinsu, shi ne ya fi dacewa da mafi yawan masu ita. Sauran yankan kowanne yana da mutanensa, amma sai mutum ya san abin da zai bayar kafin ya karɓa, domin ƙarfen da aka gurje ba ya komawa.

Me ya sa ake fafe kafofin tun farko

Injin da Felix Wankel ya ƙirƙira ba shi da fistan, ba shi da bawul, ba shi da kamshaf. Abin da ke ciki rota ce mai kusurwa uku, tana zagaye a cikin gida mai siffar gyaɗa mai ƙwaya biyu. Duk zagaye ɗaya da rota ta yi, sandar tsakiya ta yi uku. A injin fistan, in kana son iska ta shiga da wuri ko ta daɗe tana shiga, kamshaf kake canzawa, in bai yi maka ba ka kwance ka mayar da tsohon. A rotari kuwa rotar ce da kanta take buɗe kafa ta kuma rufe ta yayin da take wucewa. Saboda haka siffar ramin ita ce kamshaf ɗin. Ka matsa bakin ramin ta nan, iska ta fara shiga da wuri. Ka matsa ta can, ta daɗe kafin a rufe. Ka faɗaɗa, ta shiga da yawa. Wannan shi ne abin da ake nufi da fafe kafofi.

Injin Mazda mai rota biyu, irin 12A mai cc 1,146 da 13B mai cc 1,308, kamar jerin faranti yake: farantin gaba, gidan rota, farantin tsakiya, gidan rota na biyu, farantin baya. Farantan uku ƙarfen zubi ne, gidajen rota biyu alminiyam ne da aka yi wa cikinsu rufi mai tauri. Kafofin shaƙar iska suna jikin farantan: ƙananan da inji ke amfani da su a tafiyar hankali suna farantin tsakiya, manyan da ke shiga aiki in an taka suna farantin gaba da na baya. Kafar fitar hayaƙi kuwa a bangon gidan rota take, ban da injin RX-8 da zan zo kansa.

Wannan tsarin ba da ka aka yi shi ba. Kamfanin NSU na Jamus, wanda ya fara sayar da mota mai wannan inji a 1964, a bango ya sa kafar shaƙa. Injiniyoyin Mazda ƙarƙashin Kenichi Yamamoto, lokacin da suka fito da Cosmo Sport a 1967, sai suka mayar da ita gefe, don inji ya zauna lafiya a silo, wato yana aiki mota na tsaye, ya kuma ja da kyau a ƙaramin juyi. Ke nan duk wanda ya ɗauki injin gurza, yana warware wani ɓangare ne na shawarar da waɗancan mutane suka yanke da idonsu a buɗe.

Kalma ɗaya ce ke raba duk yankan da za mu kwatanta: haɗuwa, wato ɗan lokacin da kafar shaƙa ta riga ta buɗe alhali ta hayaƙi ba ta gama rufewa ba. A babban juyi haɗuwa alheri ce, hayaƙin da ke fita da gudu yana janyo sabuwar iska a bayansa. A ƙaramin juyi kuwa masifa ce. Hayaƙi ya koma baya ya gurɓata cakuɗen da za a ƙona, ɗanyen fetur kuma ya sulale ta salansa. Wuta ta kama sau ɗaya, ta ƙi sau ɗaya ko biyu. Wancan "burab-burab" da ke burge mutane, kukan injin da ke kasa ƙona mansa ne.

Abin da farantin ke gaya maka

In aka kwance tsohon inji aka wanke farantin baya, aka ɗaga shi a haske, za ka ga zane-zane masu sheƙi a fuskarsa, sawun da sil-sil ɗin rota, wato 'yan ƙarafan da ke toshe yoyo, suka bari. Daga ciki akwai da'irar zoben baƙin mai. Daga waje akwai hanyar da sil ɗin kusurwa ke bi, wato ɗan dunƙulen ƙarfe mai kama da maɓalli da ke kowace kusurwar rota. Tsakaninsu sil ɗin gefe ke sharewa, siririn ƙarfe ne da kaurinsa bai kai milimita ɗaya ba a injinan RX-7 na baya-baya. Ramin shaƙa a tsakiyar waɗannan iyakoki yake zaune. Ka ci iyakar ciki, baƙin mai ya samu hanyar shiga, mota ta riƙa tuƙa shuɗin hayaƙi har ranar da aka sake kwance ta. Ka ci iyakar waje, sil ɗin kusurwa ya rasa abin takawa ya leƙa rami. Ka fafe cikin ramin da zurfi fiye da kima, ka ɓulla hanyar ruwan sanyaya inji da ke kwance a bayan bangon.

Mai aikin da ya san hannunsa, shafa wa fuskar farantin shuɗin tawada yake yi, ya ɗora ma'aunin ƙarfe da ke zama a kan fegin da ke daidaita farantan, ya zana layi da tsinken ƙarfe, sannan ya lulluɓe sauran fuskar da tef mai kauri saboda tsautsayin zamewar hannu. Daga nan ne zai fara gurza, a hankali, yana tsayawa nesa da layin, ya ƙarasa da takardar yashi. Wani lokaci sai ya ɗora rota da sandarta a kan farantin, ya juya da hannu yana kallon yadda wutsiyar sil ɗin gefe ke hawa bakin ramin ta wajen rufewa. In ta hau kamar almakashi, daga gefe guda zuwa ɗayan, lafiya. In ta zo ta yi karo da bakin gaba ɗaya, ranarta ƙidayayya ce. Shi ya sa ake ɗan dasashe wannan bakin, ba a barinsa da kaifi.

Yankan titi

Masu harkar suna ce masa sitirit fot. Ramin kamfani ne aka faɗaɗa ba tare da an ƙetare waccan iyaka ba. Mafi yawan aikin a wajen rufewa yake: ana ɗaga bakin don iska ta daɗe tana shiga. Wajen buɗewa kaɗan ake taɓawa, gwargwadon abin da sil ɗin kusurwa zai lamunta. Sai a gyara cikin hanyar, a cire kurajen zubi da kusurwoyin da ke karya gudun iska.

Sunan ɗaya ne amma girman ya bambanta ƙwarai. Akwai ƙarami, wanda in ba a gaya maka ba ba za ka gane ba sai allurar juyi ta wuce tsakiya, ka ji inji na ci gaba da ja a inda da can yake fara gajiya. Akwai babba, wanda ke ɗan sa silo ya yi tsalle-tsalle, ya ci wani abu daga ƙarfin ƙasa, ya mayar maka da shi ninki a sama. Dalilin asarar ƙasan a fili yake: in kafa ta daɗe a buɗe bayan rota ta fara matsawa, a ƙaramin juyi iskar ba ta da gudun da za ta ci gaba da kutsawa, sai rota ta tura wani kasonta baya.

A nan ne dabarar da na fi so take. Tun da kafofin tsakiya ne ke riƙe da silo da tafiyar cikin gari, sai a bar su kusan yadda suke, ko a yi masu yanka ƙarami, a saki hannu a na gaba da na baya. Ƙaramar hanya tana sa iska gudu, gudun iska kuma shi ke tarwatsa fetur ya ƙone da kyau. Na sha ganin an yi akasin haka, an buɗe kafofin tsakiya wagege don kawai su yi kyan gani a hoto, aka samu motar da ke shaƙewa duk lokacin da aka tashi daga danja.

Abin da ya sa nake fifita wannan yanka ba ƙarfin doki ba ne kaɗai. Duk sil ɗin suna nan a kan hanyarsu ta asali, don haka tsawon ran inji bai canza sosai ba in an yi aikin da kyau. Birki na nan da taushinsa. Na'urar sanyaya ɗaki in ta kama ba ta kashe inji. Salansa mai ɗan natsuwa ba ta shaƙe shi. Kana iya ba ɗan'uwanka makulli ba tare da ka yi masa darasin minti goma ba.

Wani abin lura ga masu 13B mai kafa shida, wato wanda ya fara zuwa a RX-7 ta 1984 ya ci gaba a ƙarni na biyu marar turbo. Kafofi na biyar da na shida suna rufe ne a ƙasa, sai juyi ya hau sannan wasu 'yan bututu masu juyawa su buɗe su, kuma dama can a makare suke rufewa. Wato kamfani ya riga ya ba ka yanka biyu a inji ɗaya. Wasu kan zare bututun su bar kafofin a buɗe har abada, su yi asarar jan ƙasa a banza. In suna aiki, a bar su. In sun maƙale da datti, a wanke su tukuna a ji yadda motar take kafin a fara zancen gurza.

Yankan gada

Gadar tsallake ruwa nake nufi, ba ta daji ba. Ana ce masa birij fot. Tun da sil ɗin kusurwa ya hana a ci gaba da faɗaɗa rami zuwa waje, sai aka yi masa wayo: a tsallake hanyarsa, a yanka wani siririn rami na biyu a bayanta, dab da bangon gidan rota. Saboda lanƙwasarsa ake kiransa gira. Siririn ƙarfen da ya rage tsakanin babban rami da girar shi ne gadar, a kanta sil ɗin kusurwa ke wucewa.

Girar ba ta da faɗi, amma tana buɗewa da wuri sosai, tun kafar hayaƙi na wangale. Nan haɗuwa ke yin tsalle. A sama, inji ya zama wani abu daban, yana ja kamar ba shi da iyaka har ya wuce inda jan layin kamfani yake. A ƙasa kuwa sai haƙuri. Injin da kamfani ya saita ya zauna a juyi ɗari bakwai da 'yan kai a minti, yanzu sai an ɗaga shi ya kai ninki biyu ko fiye kafin ya yarda ya zauna.

Silon ma ba shi ne babbar matsalar ba. Ka ɗauka kana bin layin motoci a giya ta biyu, ƙafarka ta ɗan taɓa totur kawai. A wannan hali maƙogwaron inji kusan a rufe yake, zuƙar da ke ciki tana janyo hayaƙi baya ta girar. Sai mota ta fara fizga, gaba, baya, gaba, baya, kan wanda ke gefenka na gyaɗawa kamar mai jin barci. Maganinta biyu: ko ka taka kuloci ka bar ta ta gangara, ko ka ba ta wuta ka matse na gabanka. Haka za ka yi ta yi har ka fita daga cunkoson. A buɗaɗɗiyar hanya ba ka jin komai daga wannan, shi ya sa wanda aka ɗana masa ita na minti biyar yake rantsuwa cewa lafiyarta ƙalau.

Sai sauran kuɗin da gada ke karɓa a ɓoye. Zuƙar da ke taimaka wa birki ta ragu, feda ta yi tauri a lokacin da ba ka zata ba. Fetur, wanda dama rotari ba ya wasa da shi, ya ƙara tafiya. Fulogi na saurin yin baƙi. Salansa mai shiru tana mayar da hayaƙi baya, duk ribar girar ta zube, don haka dole a buɗe ta, rotari mai buɗaɗɗiyar salansa kuwa maƙwabta ba sa manta shi. Tukunyar tace hayaƙi ba ta daɗewa a gaban wannan ɗanyen mai da zafi, kuma duk inda ake gwajin hayaƙi kafin sabunta takardu, da wuya motar ta tsallake.

Ta fuskar ƙarfe ma akwai abin dubawa. Gadar da aka sirance da yawa tana iya tsagewa. Sil ɗin tsini, wanda ke kan kowane tsinin rota yana shafar bango, na kamfani a injuna da yawa gida biyu ne: dogo da ɗan guntu a gefe guda. Wannan guntun yana iya faɗawa cikin gira, saboda haka masu haɗawa kan juya shi ya kalli farantin da ba a yi wa gira ba, ko su sa mai gida ɗaya. Mai gida ɗaya kuma ba ya toshe matsi sosai a ƙaramin juyi, tada inji da zafi ya ƙara wuya.

Rabin gada ita ce sulhun da ake yawan kawowa: gira a farantin gaba da na baya kawai, na tsakiya a bar shi da yankan titi. A takarda abin ya yi ma'ana, tun da a tafiyar hankali manyan kafofin a rufe suke daga sama. A zahiri tana rage fizgar amma ba ta kashe ta, domin ramin yana nan a fuskar farantin, hayaƙi na shiga cikinsa ya dawo ko da maƙogwaronsa a rufe yake. Ga wanda motarsa ta ranar hutu ce, yana da wata ta zuwa aiki, kuma kukan nan shi ne rabin abin da ya kawo shi, rabin gada ciniki ne na gaskiya. Ba zan ce masa ya yi kuskure ba. Abin da ba na yarda da shi ba shi ne a sayar wa mai mota ɗaya tilo ita da sunan "ba ta da bambanci da ta kamfani".

Akwai wanda ya fi gada tsanani, J-fot, inda girar ke cin gaba har ta shiga layin robar da ke tare ruwa, a yanke robar a cike gurbin da gam. An ƙirƙiro irinsa ne don tseren da dokarsa ta hana yankan bango. A titi ba shi da hujja ko ɗaya: wahalar yankan bango, ga yoyon ruwa a kai.

Yankan bango

Wannan shi ne feriferal fot, ƙarshen hanya. Ana toshe kafofin gefe gaba ɗaya da gam mai tauri, a huda gidan rota daga waje, a ratsa hanyar ruwa, a dasa bututun alminiyam da ke kai iska kai tsaye cikin ɗakin. Babu lanƙwasa, babu kwana. Tsinin rota ne ke buɗewa ya rufe, kuma haɗuwa ta kai maƙura.

Da irin wannan numfashi Mazda 787B ta ci tseren awa 24 na Le Mans a Faransa a 1991, da injin R26B mai rota huɗu, mai ƙarfin doki wajen 700 a juyi 9,000. Masu son yankan bango ba sa gajiya da kawo wannan misali. Sai dai su kan manta cewa ko a can, sai da injiniyoyi suka yi wa injin bututun shaƙa masu tsawo da gajarta da kansu gwargwadon juyi, da fulogi uku a kowace rota, don ya samu faɗin ja. Kuma motar ba ta taɓa tsayawa a danja ba.

Abin mamaki, wasu da suka tuƙa duka biyun kan ce ƙaramin yankan bango da aka saita da kwamfuta mai kyau bai fi cikakkiyar gada wuyar sha'ani ba, ga shi ya fi ta ƙarfi. Ina ganin akwai gaskiya a ciki: in dai ka yarda za ka sha wahalar haɗuwa, gara ka karɓi cikakken lada. Amma wannan gardama ce tsakanin motocin tsere biyu. Akwai kuma rabin bango, inda ake barin kafofin gefe suna aiki, a ƙara ƙaramin bututu a bango wanda ba ya buɗewa sai an taka sosai. Dabara ce mai kyau, sai dai tana son maƙogwaro na musamman da mai saiti da ya taɓa yin irinta.

Wani abin da ya shafi gada da bango duka: ƙarfinsu yana can sama da inda aka gina sauran injin ya zauna. Kafin ka je ka ɗauko shi kana bukatar a daidaita nauyin rotoci da sanda, a ƙara matsin baƙin mai, a duba giyar da ke riƙe rota, a rage wa gefen rota kaɗan don kada ya taɓa faranti in sanda ta lanƙwasa. Sai giyar baya mai gajarta, in ba haka ba duk canjin giya allura za ta faɗo ƙasa da inda ƙarfin yake. Yankan shi ne mafi arha a cikin lissafin.

In akwai turbo, lissafin ya canza

RX-7 ta ƙarni na uku, wadda aka yi daga 1991 zuwa 2002, ta zo da 13B-REW mai turbo biyu masu kamawa bi da bi, da ƙarfin doki 255 a farkon fitowarta. A irin wannan inji, turbo ke tura iska, ba sai ka roƙe ta da babbar haɗuwa ba. Hasali ma ƙananan turbo na kamfani suna tara matsi a ɓangaren hayaƙi wanda kan fi na ɓangaren shaƙa. Ka buɗe gira a tsakaninsu, hayaƙi mai zafi ne zai kwararo ciki, ba iska ce za ta wanke ɗaki ba. Gada da turbo suna jituwa ne kawai in turbon babba ne mai sakakken bayan gida, wannan kuwa mota ce da ba ta farkawa sai juyi ya yi nisa.

Ko yankan titi ma a nan yana da tarko. Kwamfutar kamfani ta wannan mota matsin iska take aunawa, ta duba jadawalin da aka rubuta mata don kafofin asali, ta ba da mai. Injin da aka fafe yana haɗiye iska fiye da da a matsi iri ɗaya, ita kuwa ba ta sani ba. Mai ya yi kaɗan, wuta ta tashi kafin lokacinta, sil ɗin tsini mai kaurin milimita 2 ya karye, gutsurensa ya kankare bango ya fita ta turbo ya tafi da fukafukansa. Injin fistan kan yi ƙara ya ba ka gargaɗi. Rotari sau da yawa bugu ɗaya ko biyu ne. Don haka kwamfutar da ake iya saitawa, da nozul da famfon mai da suka isa, da lagireto mai kyau, ba ƙari ba ne a kan yankan, sashensa ne. Wanda kuɗinsa ba zai kai duka ba, ya saita injin da kafofin kamfani, zai fi jin daɗin motar.

Kafar hayaƙi ma kada a yi mata rawar kai. In aka saukar da bakinta ta buɗe da wuri, turbo na samun iska mai zafi, amma an katse wa rota turin da take samu, ƙara kuma ta ƙaru. In aka ɗaga ta rufe a makare, haɗuwa aka ƙara. In aka faɗaɗa ta gefe da gefe fiye da kima, tsakiyar sil ɗin tsini ya rasa madogara yayin da yake tsallake ramin. Ɗan dasashen da kamfani ya yi a bakin rufewa, a mayar da shi bayan an gama.

RX-8 kuwa, wadda aka yi daga 2003 zuwa 2012, labarinta gajere ne. A injinta na Renesis an mayar da kafofin hayaƙi su ma gefe, aka kawar da haɗuwa, aka ba kafofin shaƙa girma tun daga kamfani, har mai giya shida ta hannu tana kaiwa juyi 9,000. Wurin da ya rage a gurza kaɗan ne, ruwa na kusa da bangon kafar hayaƙi, sil ɗin gefe kuma dama yana shan zafi. Gyaran baki da share kuraje ya isa. Wanda ke neman babbar riba daga gurza a wannan inji zai sha kunya.

To, wanne?

Kafin ka kai farantanka ko'ina, yi mako guda kana lura da allurar juyi a tafiyarka ta yau da kullum. In ka ga rayuwarta tsakanin 2,000 da 4,000 take, sai jefi-jefi ka kai ta sama a hanyar da ba kowa, yankan titi ne naka, ƙarami a tsakiya, babba a gefuna. In motar mai turbo ce kuma turbon kamfani ne ko matsakaici guda ɗaya, amsar ba ta canza ba. In marar turbo ce, mara nauyi, ta fita ranar hutu, kana kuma da inda za ka ajiye ta ba tare da an kai ƙararka ba, rabin gada za ta ba ka abin da kunnenka ke nema. Cikakkiyar gada da bango na motar da ake kaiwa filin tsere a bayan tirela ne, ko na mutumin da ya riga ya zauna da irinsu ya san halinsu.

Akwai kuma dalilin da ya sa fara da ƙarami ya fi. Farantin da aka yi wa yankan titi, gobe ana iya ƙara masa gira. Wanda aka yi wa gira ba ya komawa, sai dai a nemo wani, kuma farantan 12A da na tsofaffin 13B masu lafiyayyar fuska kullum raguwa suke.

Duk wanda za ka ba aikin, tambaye shi abu uku. Wane ma'auni yake amfani da shi, kuma a wane juyi yake sa ran ƙarfin zai zauna. Yaya yake gyara bakin rufewa saboda sil ɗin gefe. Sannan ko yana gwada hanyar ruwa da matsin iska bayan ya haɗa injin, kafin a ɗora shi a mota. In ya ce duk wannan ba dole ba ne, shi da ido yake yi, ɗauki farantanka ka tafi.